Yadda ake zaɓen jirgin wasannin ruwa a ƙaramin tafki: misalin Tafkin Hunki na Awe

Tafkin Hunki da ke yankin Tunga, a Ƙaramar Hukumar Awe ta Jihar Nasarawa, na cikin wuraren da ake ambata a duk lokacin da aka zo lissafa wuraren yawon buɗe ido na jihar. Tsohuwar hanyar kogi ce da ta rabu da uwarta ta zama tafki mai hannu biyu. Bayanan yawon buɗe ido na jihar sun nuna cewa kowane hannu ya kai tsawon kilomita 6 zuwa 7, amma faɗinsa bai wuce mita 50 zuwa 70 ba, kuma sun ambaci dorina da ayu cikin halittun da ke rayuwa a ruwan.

Duk wata hukuma, ƙungiyar matasa ko ɗan kasuwa da ke son shirya tseren kwale-kwale ko yawon shaƙatawa a ruwa irin wannan, tambayar farko da zai fuskanta ita ce irin jirgin da ya kamata ya saya. Amsar tana wajen tafkin: zurfinsa a tsakiyar rani, faɗinsa, da kuma mutane da dabbobin da suka riga kowa dogara da shi. Wanda ya sayi jirgi kafin ya auna ruwa, ko dai kuɗinsa su kwanta a gaɓa, ko kuma ya jefa rayukan jama'a cikin haɗari.

Halin irin wannan tafki

Idan kogi ya daɗe yana lanƙwasa a cikin fadama, wata rana ambaliya kan yanke masa gajeriyar hanya, sai lanƙwasar da aka bari ta toshe ta baki biyu, ta zama tafki. Akwai irinsu da yawa a kwarin Kogin Binuwai, wanda ya ratsa kudancin Awe. Suna da tsawo amma ba su da faɗi, kuma kowace damina ruwa na kwaso musu laka da yashi, don haka zurfinsu na raguwa a hankali. Ƙasansu taɓo ne, bakinsu cike da ciyawa da bado da kainuwa, ga kututturan itatuwa da ke kwance a ƙarƙashi ba a ganinsu.

Haka kuma ruwan ba ya tsayawa a awo ɗaya. Binuwai kan cika ya batse daga watan Agusta zuwa Oktoba, musamman idan aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Daga nan sai ya yi ta janyewa har zuwa Maris da Afrilu. Saboda haka awon da za a dogara da shi wajen sayen jirgi shi ne na ƙarshen rani. Gora mai tsawon mita uku da aka yi wa alama a kowane santimita 10 ta isa aikin: a bi hanyar da jirgi zai bi, a riƙa dasa ta a tsakiya da gefe biyu, ana rubuta inda ya fi ƙarancin ruwa. Masunta da sarkin ruwa na yankin sun san inda tudun yashi yake, da inda kututture yake, da makwancin dorina, kuma a kan wannan ilimi ya kamata a ɗora awon.

Lissafin nutsewar jirgi

Kowane jirgi yana nutsewa ne daidai da nauyin ruwan da ya ture, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da tsawonsa ya kai mita 5, faɗinsa mita 1, zai nutse da santimita ɗaya a kan kowane kilo 50 da aka ɗora masa. Idan nauyin jirgin kilo 150 ne, kuma mutum biyar masu kilo 70 kowanne suka shiga, jimilla kilo 500 ke nan, cikinsa zai shiga ruwa da kimanin santimita 10 kacal. Wannan ne ya sa irin wannan jirgi yake wucewa a ruwan da bai kai gwiwa ba.

Lissafin yana kuma nuna illar lodi fiye da kima. Idan tsayin gefen jirgin santimita 40 ne, mutum biyar sun bar santimita 30 tsakanin ruwa da bakinsa. Idan mutum 15 suka shiga, abin da ya rage santimita 16 ne, igiyar ruwa ƙarama ko motsin mutum ɗaya ya isa ya sa ruwa ya kwararo ciki. Ruwan da ya taru a cikin jirgin da zurfin santimita 5 kuwa, nauyin kilo 250 ne da ke gangarawa duk ɓangaren da jirgin ya karkata. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife a madatsar ruwan Watari, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, kuma hukumomi sun ɗora alhakin hakan a kan ɗaukar mutane fiye da kima. Ruwan madatsa ne da babu gudu a cikinsa, abin da ke nuna cewa kwanciyar ruwa ba ta hana haɗari.

Ire-iren jiragen da ake samu

Kwale-kwalen sassaƙa shi ne mafi daɗewa. Wanda aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987 ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, faɗinsa kusan rabin mita. Har yau ana sassaƙa irinsa daga maɗaci, maje ko rimi. Siririn jikinsa na ba shi gudu, shi ya sa ya dace da tsere, amma zagayayyen ƙasansa na sa shi saurin kifewa a hannun wanda bai ƙware ba. Na rimi ba shi da nauyi, sai dai yana saurin ruɓewa. Na maɗaci ya fi ƙarko, ya kuma fi tsada saboda manyan itatuwa sun yi wuya.

Jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, irin wanda 'yan fito da masunta ke amfani da shi a Binuwai, ya fi zama daram a ruwa kwance, kuma ana iya tuƙa shi da filafili ko a tura shi da gora. Kafintocin jirgi na bakin kogi za su iya ƙera shi da gyara shi. Rauninsa shi ne yoyo ta mahaɗar katako da tsatsar ƙusoshi, don haka yana buƙatar a riƙa fito da shi ana liƙewa duk shekara.

Jirgin faiba ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi sosai, kuma ana iya yin sa da rufaffun ɗakunan iska ko soso a ciki yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ƙasa ba. Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka kafa a 2023, ta sha kira da a maye gurbin jiragen katako na haya da na faiba ko na alminiyam. Sai dai kututture kan tsaga faiba, kuma mai gyaransa ba ya samuwa a kowane gari. Jirgin alminiyam ya fi jure karo, amma yana zafi a rana, yana kuma buƙatar walda ta musamman.

Ƙananan kwale-kwalen roba mai tauri, na mutum ɗaya ko biyu, da jiragen da ake tuƙawa da feda kamar keke, su ne suka fi dacewa da masu koyo da iyalai. Ba sa buƙatar ruwa mai yawa, kuma ba sa tayar da igiya. Jirgin da ake hura wa iska yana da sauƙin ɗauka, amma ƙaya, ƙugiyar masunta da zafin rana na saurin lalata shi.

Batun inji

Injin da ake maƙalawa a bayan jirgi yana zuwa da ƙafa gajeriya mai kimanin santimita 38 ko doguwa mai kimanin santimita 51, kuma farfelarsa na sauka ƙasa da cikin jirgin. Ke nan jirgin da ke wucewa a ruwan santimita 20 da filafili zai buƙaci fiye da rabin mita da zarar an sa masa inji. A ruwa marar zurfi farfela na naɗe ciyawa da ragar masunta, tana dukan kututture, injin kuma yana zuƙar laka ta hanyar da yake shan ruwan sanyaya kansa, har ta toshe ya ƙone.

Akwai kuma iyakar da zurfi ke gindaya wa gudu. A ruwa mai zurfin mita ɗaya, igiyar ruwa na tafiya da kimanin kilomita 11 a sa'a. A rabin mita, kimanin kilomita 8. Idan jirgi ya kusanci wannan gudu, bayansa na dannawa ƙasa, yana shan mai da yawa, yana kuma jan babbar igiya a bayansa. Igiyar ce ke zaizaye gaɓa, tana kifar da ƙananan kwale-kwale, farfela kuma na dama taɓon ƙasa ya gurɓata ruwan da kifi ke hayayyafa a ciki.

Ƙasashen da suka daɗe da wasan jan mutum a bayan jirgi mai gudu sun fara taƙaita shi a ƙananan tafkuna. A 2024 jihar Vermont ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa jiragen da aka ƙera don tayar da babbar igiya ba za su yi wasan ba sai a ruwan da zurfinsa ya kai ƙafa 20, wato kimanin mita 6, kuma nesa da gaɓa da ƙafa 500, wato kimanin mita 150. Tafkin da zai cika wannan sharaɗi sai faɗinsa ya haura mita 300. Hunki, mai faɗin mita 50 zuwa 70, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. Inji ɗaya da ke da gurbi a irin wannan ruwa shi ne ƙarami, mai ƙarfin doki 15 ko ƙasa da haka, a kan jirgin ceto mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ke bin 'yan wasa a hankali.

Wasannin da suka dace

Doguwar siririyar hanya ita ce ainihin abin da tseren filafili ke buƙata. A gasannin duniya ana tseren kwale-kwale a nisan mita 200, 500 da 1,000, kuma faɗin layin kowane jirgi mita 9 ne. Tafki mai faɗin mita 50 zai ɗauki layi huɗu, a bar sarari ta gefe biyu. Abin lura shi ne zurfin layukan ya zama ɗaya, domin wanda ya faɗa layin da ruwansa ya fi ƙaranci zai sha wahalar ja fiye da abokan karawarsa. Nijeriya na da wakilci a wannan wasa: Ayomide Bello ta fafata a gasar Olamfik ta Tokyo, sannan ita da Beauty Otuedo suka wakilci ƙasar a ta Faris a 2024.

A gida ma akwai abin koyi. Bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda ya samo asali a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana gudanar da tseren kwale-kwale da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa a kogin Matan Fada da jiragen gargajiya. Kusa da Awe kuma, a ƙetaren Binuwai, bikin Nwonyo na Ibi a Jihar Taraba yana haɗa kamun kifi da wasannin jirage a kan tafki. Duka biyun sun tara 'yan kallo da ƙarfin damtse da filafili.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya nemi a gwada jirgin a ruwa da cikakken lodinsa, ya auna abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgin, sannan a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da fenti. Ya duba mahaɗar katako da ƙusoshi, ko tsagewa a jikin faiba. A wuri marar zurfi, a cika jirgin da ruwa a ga ko zai ci gaba da yawo a sama. Ya kuma tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyara a Awe, Lafiya ko Makurɗi.

Kuɗin rigunan kariya na cikin kuɗin jirgi, riga ɗaya ga kowane mutum, har da ƙanana na yara. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya rigar, ta haramta lodi fiye da kima da tafiyar dare, tana kuma yi wa jirage rajista. Ƙarancin zurfi ba hujjar barin rigar ba ne, domin taɓo na riƙe ƙafar wanda ya faɗa, ciyawa kuma na naɗe mai iyo.

Saura abu biyu da suka shafi tafkunan fadama. Na farko dorina ce, wadda ke kifar da kwale-kwale idan aka kusanci makwancinta, musamman mai ɗa. Dole a nisanta filin wasa daga inda take, a kuma guji shiga ruwa da asuba da almuru. Na biyu cutar tsargiya ce, wadda ake ɗauka ta fata a ruwa kwance mai katantanwa, saboda haka a rage shiga ruwan, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti.

Daga ƙarshe, tafkin abincin masunta ne tun kafin a yi tunanin wasa a cikinsa. Yarjejeniya da masarauta da sarkin ruwa kan ranakun wasa da iyakar filin tsere za ta kare ragarsu da kifinsu, kuma a cikinsu ne za a samu matuƙa, masu koyarwa da masu ceto da suka fi kowa sanin ruwan.