Daga Ƙato Bayan Ƙato Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Jin Ra'ayin Mutanen Kanya Babba?

A zamanin NEPU da NPC, ɗan siyasar da ke son sanin inda zuciyar mutanen Kanya Babba ko Roni, a yankin Kazaure da Ɓaɓura na Jihar Jigawa ta yau, ta karkata ba ya bukatar takarda. Ranar kasuwa yake jira, ya zauna wajen mahauta da masu awon hatsi, ya lura da waƙar da yara ke rerawa da tutar da aka kafa a ƙofar gida. Wannan ma'auni yana da gaskiyarsa, amma rabin al'umma ba sa cikinsa, domin matan Arewa ba su samu ikon zaɓe ba sai a 1976. Da aka zo 1979, PRP ta Malam Aminu Kano ta ɗauke tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Ɓaɓura ke cikinta, Abubakar Rimi ya zama gwamna.

Mulkin Janar Babangida ya zo da ƙato bayan ƙato. An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a Disambar shekarar mutane suka yi layi a bayan hoton wanda suke so, aka zaɓi Ali Sa'ad Birnin Kudu gwamna. Ba a taɓa ganin ra'ayi a fili haka ba, kuma nan matsalar take. Talakan da dagaci ke kallo, ko matar da mijinta ke tsaye a ɗaya layin, da wuya su bi son ransu. Tun daga nan mutanenmu suka ƙara ƙwarewa wajen ɓoye abin da ke cikinsu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wannan yanki ya riga yawancin Arewa rungumar fasaha. Saminu Turaki, ɗan Kazaure, da ya hau gwamna a 1999, ya kafa makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a garinsu, ya kawo Galaxy don samar da intanet a jihar, lokacin da ma'aikatu da yawa a ƙasar ke fama da tafireta. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom da ta fara a Kano a 2003, suka buɗe layi, sojojin baka suka samu fage, manomi ya fara faɗin albarkacin bakinsa duniya na ji. Sai dai mai kati a waya da bakin magana ake ji. Ba shi ne kowa ba.

Fasahar da ta fi yi wa talaka rana a rumfar zaɓe ta tsaya. Na'urar tantance katin zaɓe ta 2015 ta rage aringizon ƙuri'u, kiran nan na a kasa a tsare ya samu abin dogaro. A shekarar ce Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Ɓaɓura, ya karɓi jihar daga hannun PDP. A babban zaɓen 2023 kuma na'urar BVAS ta zo da duba fuska da yatsa, duk da takaddamar da ta biyo bayan gaza ɗora sakamakon shugaban ƙasa a intanet kan lokaci.

Ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a kuwa har yanzu baƙuwa ce a nan. Cibiyar NOIPolls, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ta kafa a 2006, ta yi wa gidauniyar ANAP bincike ta waya a Satumbar 2022: Peter Obi kashi 21 cikin ɗari, Tinubu da Atiku 13 kowannensu. Aka yi ta yayata wannan a Facebook da Twitter, aka manta da cewa kusan rabin waɗanda aka kira sun ce ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi amsawa. Da aka kaɗa ƙuri'a Obi ya zo na uku a ƙasa, a Jigawa kuwa bai kai ƙuri'a 2,000 ba, alhali Tinubu ya haura 400,000. Ni ban ga ƙarya a binciken ba, na ga iyakarsa. Baƙuwar lamba daga Abuja ta kira dattijo a Gwiwa ta tambaye shi wa zai zaɓa, shiru zai yi. Matar aure da yawa kuma wayar ma ba a hannunta take ba, ga ƙauyukan bakin iyaka da sabis ke wuya.

Abin ya fi zaɓe girma. Inda ba a auna ra'ayinsa, ba a san ciwonsa ba: tsadar taki, ambaliyar damina, makarantar da ba malami. Afrobarometer ta nuna tun 1999 cewa ana iya bin gida gida a tambayi mutum da harshensa. Muna da kwalejin kimiyya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021. Su horar da ɗalibai, musamman mata masu iya shiga cikin gidaje, su riƙa tambayar jama'a da Hausa da Fulatanci, ba sai kakar zaɓe ba, su karanta sakamakon a rediyo kowa ya ji. Ina roƙon shugabannin waɗannan makarantu su fara wannan aiki tun kafin zaɓe mai zuwa.