Daga Rumbun Ajiya zuwa Gidan Gwamna

A ƙarni na 15, zinariyar ƙasar Akan, a Ghana ta yau, arewa take bi. Fataken Wangara ne ke ɗauko ta zuwa Jenne da Timbuktu, raƙuma su ratsa Sahara da ita. Barkono da kanumfarin gabas kuwa sai sun bi hannun 'yan kasuwar Gujarat da Larabawa har Iskandariyya, kafin mutanen Venis su kai su Turai. Kowa ya taɓa kayan sai ya ci ribarsa, Bature kuma shi ke biyan kuɗin ƙarshe. Abin da ya tsaya wa sarakunan Fotugal a rai ke nan, suka ƙudura sai sun kai ga tushen kayan ta teku.

Bayan sun ci garin Ceuta a 1415, jiragensu suka riƙa bin gaɓar Afirka ta yamma sannu a hankali. A 1482 Diogo de Azambuja ya sauka inda ake kira Elmina yanzu, a gaɓar Ghana ta yau. Abin lura shi ne kayan da ya zo da su: sassaƙaƙƙun duwatsun gini tun daga Fotugal, da magina, da sojoji. Mai neman ciniki kaɗai ba ya zuwa da ganuwa a cikin jirgi. Sarkin wurin, Kwamina Ansa, ya nuna ba ya so, aka matsa masa har ya amince. Wurin da aka roƙa don ajiye kaya ya tashi da hasumiya da igwa, daga baya ɗakunansa na ƙasa suka cika da bayi masu jiran jirgin Amurka.

Da Vasco da Gama ya kewaya kudancin Afirka ya isa Kalikut ta Indiya a 1498, sai abin ya haɓaka. Fotugal ta kama Goa a 1510, Malaka a 1511, ta kuma ce duk jirgin da zai yi fatauci a tekun Indiya sai ya yanki takardar izininta, in ba haka ba a ƙwace shi. Tekun da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi ba mai tambayarsu, baƙo ya kafa masa shinge.

Ingila da Holan suka biyo baya da kamfanoni, a 1600 da 1602, kamfanonin da ke da sojoji, suke ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Kamfanin Ingila ya yi nasara a yaƙin Plassey a Indiya a 1757, a 1765 kuma sarkin Mughal ya miƙa masa karɓar harajin Bengal. Ɗan kasuwa ya zama mai mulki.

Mu ma a Najeriya ta ruwa aka zo mana. A 1830 Richard Lander da ƙaninsa John suka bi kogin Kwara har inda ta faɗa teku, jiragen ciniki suka fara hawowa. Kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓe ƙasar daga hannunsa a 1900, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fatu da gyaɗa suka juya kudu zuwa tashar Legas, ayarin Ghadames da Tarabulus mai ratsa Sahara kuwa ya yi ta raguwa.