Daga tabkin Akadane zuwa Gobero: ina namun dajinmu suka tafi?

A hutun watan Disamba na bar Sabon Maci da asuba a motar kasuwa, muka bi ta Kornaka zuwa Dakoro. Daga can sai hanyar rairayi, arewa, har tabkin Akadane da ke yankin Bermo. Abin da ya kai ni tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini a aji: "Malam, da gaske ne an taɓa yin raƙumin dawa a ƙasarmu, ko a littafi kawai yake?" Na ba shi amsa, amma ban gamsu da ita ba.

Na iske tabkin cike da rai. Fulani da Buzaye na shayar da shanu da raƙuma, balbela na bin sawun garke, zalɓe na tsaye cikin ruwa, agwagin daji na tashi suna sauka. Sai dai duk yinin da na yi, babban naman daji ko ɗaya bai zo shan ruwa ba. Wani dattijo makiyayi ya ce mini da yana yaro, jimina da barewa ba abin kallo ba ne a wajen. Ya ce, "Ɗana, yanzu sai dila."

Tarihi ya gaskata dattijon. A 1955, zamanin mulkin Faransa, aka keɓe gandun dajin Gadabeji mai faɗin hekta 76,000 a wannan yanki, don kare namun daji irin su mariri, barewa, jimina da raƙumin dawa. Bayan samun 'yancin kai, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa makiyaya fili. Sai ga farin 1973, sai na 1984 wanda iyayenmu ke kira El Buhari. Ciyawa ta ƙare, gonaki suka tsallake iyaka, mafarauta masu mota da bindiga suka ƙarasa abin da fari ya rage. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji tun shekarun 1970. Mariri kuwa, a 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji a duniya baki ɗaya.

Ba wannan ne karo na farko da ƙasarmu ta yi irin wannan rashi ba. Can cikin hamadar Tenere, a jahar Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gobero. A 2000, ayarin wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, sai ya ci karo da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tabki da ya daɗe da ƙafewa. Mutanen farko sun zauna a wurin kimanin shekaru 9,500 da suka wuce, suna kamun kifi da māsu na ƙashi. Fari ya kore su, wurin ya yi shekara kusan dubu babu kowa. Da ruwa ya dawo, wasu mutanen suka zo, su ma suka zauna har zuwa wajen shekaru 4,500 da suka wuce. An tono ƙasusuwan dorina, kada, giwa da giwan ruwa a inda yau ko ciyawa ba ta tsirowa. An ga yarinya da munduwar haƙorin dorina a dantse, an ga mace da yara biyu a kabari ɗaya sun rungumi juna.

Tsakanin Gobero da Gadabeji akwai bambancin da ya kamata yaranmu su gane. A Gobero sama ce ta hana ruwa, mutanen ba su da yadda za su yi. A Gadabeji akwai fari, amma akwai hannunmu a ciki. Abin da hannu ya ɓata kuwa, hannu na iya gyarawa. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. Da hukuma da manoman yankin suka tsare su, sai suka haura 600. A 2017 UNESCO ta sa Gadabeji cikin wuraren da take karewa, a watan Nuwamba na 2018 kuma aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure a mota, tafiyar kilomita wajen 800, aka sake su a can.

'Yan'uwana malamai da iyaye, ba sai mun kai yara Tenere ba. Kowane gari yana da tabki ko fadama, yana kuma da tsoho. Mu tura ɗalibai su tambayi kakanninsu namun da suka gani da ido, da shekarar da suka daina ganinsu, su rubuta a littafi. Na gwada a ajina, yara goma sha ɗaya ba su taɓa jin kalmar mariri ba. Idan waɗannan tsofaffi suka tafi ba mu rubuta ba, jikokinmu sai sun jira baƙo ya zo ya tono musu ƙasusuwa.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na faɗa masa raƙumin dawa yana nan a arewa da mu, cikin jaharmu ta Maraɗi. Ya ce yaushe za mu je. Allah Ya nuna mana.