Yadda Agadas Ta Shiga Kundin Tarihin Duniya

A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas na Jamhuriyar Nijar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Da na bi diddigin yadda aka kai ga haka, sai na ga tsufan gini kaɗai ba ya isa. Dole ƙasa ta fara sa wurin a jerin share fage, kamar yadda Nijar ta yi a 2006, sannan ta kawo hujja.

Babbar hujjar Agadas ita ce hasumiyar masallacinta, ginin ƙasa mai tsawon mita 27. An gina masallacin a ƙarni na 16, aka sabunta shi a 1844. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ga hasumiyar a 1850, ya kuma rubuta bayaninta. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta su magina ke takawa lokacin yaɓe, shaidar cewa mutanen gari ba su saki gadonsu ba.

A nan gida Najeriya, ganuwar Kano na jerin share fage tun 2007. Idan muka bari zaizaya da masu gine-gine suka cinye ta, me za mu nuna wa masu tantancewa?