Paban Das Baul: Mawaƙin Ƙauyen Bengal da Ya Zauna a Faris

Paban Das Baul mawaƙi ne kuma makaɗi ɗan ƙasar Indiya, daga jihar Bengal ta Yamma, wanda ya daɗe da mayar da birnin Faris na Faransa mazauninsa. An haife shi a 1961 a ƙauyen Mohammedpur da ke gundumar Murshidabad, yankin da ya taɓa zama fadar sarakunan Bengal kafin Turawan Ingila su karɓe iko bayan yaƙin Plassey na 1757. Da harshen Bengali yake waƙa, harshen da mutum fiye da miliyan 200 ke magana da shi a Bangladesh da gabashin Indiya. An fi saninsa da faifan Real Sugar na 1997, ɗaya daga cikin faya-fayan farko da suka haɗa waƙar karkarar Bengal da kiɗan zamani na Turai.

Baul da ke ƙarshen sunansa laƙabi ne na jama'ar da ya shiga. Bauloli mawaƙa ne masu yawo ƙauye-ƙauye da kasuwa-kasuwa, suna rera waƙoƙin neman Ubangiji, jama'a kuma na ba su shinkafa ko 'yan kuɗi. Wasunsu daga gidajen Hindu suka fito, wasu daga gidajen Musulmi, kuma waɗannan na biyun an fi kiransu fakirai. Koyarwarsu ta ɗebo daga Sufanci, ta ɗebo daga masu bautar Krishna, ta ɗebo daga tsofaffin al'adun Buda na yankin. Ba su damu da rabe-raben asali da addinin Hindu ya shata tsakanin mutane ba, kuma suna cewa abin da mutum ke nema a wuraren ibada yana nan cikin jikinsa da zuciyarsa. Wannan ra'ayi ya sa tun da can malaman addinan biyu ke yi musu kallon hadarin kaji. Ilimin nasu daga bakin malami yake zuwa kunnen almajiri, kuma bisa al'ada mai waƙa yakan saka sunansa a baitin ƙarshe, shi ya sa ake gane mai ita ko bayan shekara ɗari.

Babban jigo a cikinsu shi ne Lalon Fakir, wanda ya rasu a 1890 a kusa da Kushtia, cikin Bangladesh ta yau. Rabindranath Tagore, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1913, yana cikin waɗanda suka fi jawo hankalin 'yan boko ga Bauloli. Ya yi bayaninsu a laccocin da ya gabatar a Oxford a 1930, kuma karin waƙar da ta zama taken ƙasar Bangladesh ya aro shi ne daga wani Baul mai raba wasiƙu, Gagan Harkara. Wato mutanen da ake raina wa a bakin kasuwa, muryarsu ce ake miƙewa tsaye a girmama a ranar bikin ƙasa.

A cikin wannan duniya Paban ya buɗe ido. Daga mahaifinsa ya fara jin waƙa, sannan daga Baulolin da ke ratsa ƙauyensu. Bai yi karatun boko ba. Tun yana yaro yake waƙa don neman abin kai wa baki, a wuraren bukukuwa da cikin jiragen ƙasa, inda Baul kan bi tarago-tarago yana rerawa fasinja na jefa masa abin da ya sawwaƙa. Makaranta ce mai tsanani: wanda muryarsa ba ta iya danne ƙarar jirgi da hayaniyar 'yan talla, da yunwa zai kwana. Daga baya ya zama almajirin Subal Das Baul, wanda ya shigar da shi tafarkin sosai.

Kayan kiɗan Bauloli kaɗan ne, domin mai tafiya a ƙasa ba ya son nauyi. Akwai ektara mai tsirkiya ɗaya, wadda ta zama tambarinsu. Akwai dotara, 'yar garaya mai tsirkiya huɗu ko biyar. Akwai khamak, ƙaramar ganga da ake saƙalewa a hammata, tsirkiya na fitowa daga cikin fatarta. Makaɗi na ja yana sassautawa da hannu ɗaya, yana kaɗawa da ɗayan, sai sautin ya riƙa hawa yana sauka kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya ya sa ganga magana. Sai kuma 'yan ƙararrawa da ake ɗaurawa a idon sawu, domin Baul yana waƙa ne yana rawa. Amma abin da Paban ya fi shahara da shi dubki ne, wani ɗan ƙaramin bandiri mai fuska ɗaya da ake riƙewa a hannu, ana danna fatar da yatsu don sauya sauti. A hannunsa wannan ɗan abu yakan cika zaure.

Hanyarsa ta zuwa Turai ta biyo ta fim. A 1979 wani Bafaranshe mai shirya fina-finan gaskiya, Georges Luneau, ya fitar da Le Chant des fous, fim kan rayuwar Bauloli, kuma Paban, yana saurayi mai dogon gashi, na cikin waɗanda aka nuna. A farkon shekarun 1980 aka gayyace shi Faransa ya yi wasa. A can, a 1982, ya haɗu da Mimlu Sen, 'yar Bengal haifaffiyar Shillong, 'yar gidan masu hali da ilimi, wadda ke zaune a Faris. Ta zo kallo ne kawai. Abin da ya biyo baya shi ne ta koma Indiya, ta bi shi yawon bukukuwan Bauloli na tsawon shekaru, ta zama abokiyar rayuwarsa, mai yi masa tafinta da shirya masa tafiye-tafiye, kuma mai buga masa 'yan kuge a dandamali. Tare da ita ya koyi karatu yana babba, har ya kai ga iya Hindi da Ingilishi da Faransanci bayan harshensa na gado.

Ba shi ne Baul na farko da ya tsallaka teku ba. Purna Das Baul ya je Amurka tun 1967 bisa gayyatar Albert Grossman, manajan mawaƙi Bob Dylan, har hotonsa da na ɗan'uwansa ya fito a bangon faifan Dylan mai suna John Wesley Harding. Sai dai Purna baƙo ne: ya je, an yi masa tafi, ya dawo. Paban zama ya yi. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin tarihinsa, domin baƙon kwana bakwai zai iya rera abin da ya zo da shi ya tattara kayansa, amma wanda ya kafa gida dole ya yi hulɗa da maƙwabta, kuma maƙwabtan Paban a Faris da Landan masu jita ne da masu na'urar haɗa sauti da makaɗan Afirka da na Asiya.

Na farko a cikinsu shi ne Sam Mills, ɗan Landan mai kaɗa jita, wanda ya yi zamani da ƙungiyar 23 Skidoo tsakanin 1979 da 1982. Sun fara aiki tare a 1988, amma sai da aka yi shekara tara kafin faifansu ya fito. Lokacin ya dace da su. A 1987 wasu kamfanonin faifai na Landan suka amince su riƙa sayar da kiɗan ƙasashen waje a ƙarƙashin suna guda, kiɗan duniya, don ya samu gurbi a kantuna. A 1989 mawaƙin Ingila Peter Gabriel, wanda ya riga ya assasa bikin kiɗa na WOMAD, ya buɗe kamfanin Real World, kamfanin da ya ƙara fito da mawaƙi Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan ga kunnen Turawa. Wannan kamfani ne ya fitar da Real Sugar a 1997.

Abin da ya sa faifan ya yi ƙarko shi ne tsarin da aka bi. Muryar Paban da karin waƙarsa su ne a gaba, jita da sauran kayan zamani suna biye, suna yi musu shimfiɗa. Ba a fassara masa baiti zuwa Ingilishi ba, ba a kuma daddatse waƙar don ta dace da gidan rawa ba. Waƙar Dil Ki Doya da ke cikinsa ta yi farin jini har a gida, inda samarin biranen Kolkata da Dhaka, waɗanda a da suke ganin waƙar Baul kayan ƙauyawa ce, suka karɓe ta hannu biyu. Abin mamaki ne, amma ba sabon abu ba: sau da yawa sai kaya ya je Turai ya dawo kafin 'yan birni su ga darajarsa. Shi kuwa Mills, bayan wannan aiki ya kafa ƙungiyar Tama tare da Tom Diakité na Mali da Djanuno Dabo na Gini Bisau, ya kuma yi aiki da mawaƙiya Susheela Raman, wadda Paban ma ya yi waƙa da ita.

Mataki na biyu ya fi na farko kasada. Sam Zaman, wanda aka fi sani da State of Bengal, ɗan asalin Bangladesh ne da ya tashi a gabashin Landan, yana cikin matasan Asiya da suka ƙirƙiro nasu salon kiɗan na'ura a shekarun 1990. Shi da Paban suka fitar da Tana Tani a 2004, shi ma a kamfanin Real World. A nan ganguna na lantarki ne masu sauri da nauyi, muryar ƙauye na shawagi a kansu. Haɗuwar na da ma'ana ta musamman, domin an raba Bengal gida biyu a 1947, ɓangaren gabas ya zama Bangladesh a 1971, ga shi ɗan yamma da ɗan gabas sun haɗu a ƙasar waɗanda suka yi rabon. Zaman ya rasu a 2015.

Ba kowa ne ya yi murna da wannan tafiya ba. Masu ra'ayin riƙau na ganin cewa waƙar Baul ibada ce da ke da muhallinta, gaban malami da almajirai, kuma idan aka ɗora ta kan dandamali a gaban mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya, saura amo kawai. Ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, domin baitocin cike suke da zaurance wanda ko ɗan Bengal sai an warware masa. Sai dai Paban bai yanke igiyarsa da gida ba. Yana komawa Bengal a kai a kai, inda har yau ake yin babban taron Bauloli na Kenduli a bakin kogin Ajay, gundumar Birbhum, a tsakiyar watan Janairu, ana kwana ana waƙa a rumfuna. A 2010 kuma ya fitar da Music of the Honey Gatherers, faifan da ya koma ga kayan kiɗan gargajiya.

A daidai wannan lokaci labarinsa ya shiga littafi. Mimlu Sen ta wallafa Baulsphere a Indiya a 2009, aka sake buga shi a Birtaniya a 2010 da sunan The Honey Gatherers, inda ta ba da labarin rayuwarta da Paban da mutanensa. Marubuci William Dalrymple ma ya keɓe babin ƙarshe na littafinsa Nine Lives na 2009 ga Bauloli, musamman makahon mawaƙi Kanai Das Baul, kuma Paban na cikin makaɗan da suka yi wasa a taron littafin a Landan, haka nan a bikin adabi na Jaipur.

Hukumar UNESCO ta ayyana waƙoƙin Baul a cikin fitattun al'adun baka na ɗan Adam a 2005, ta shigar da su kundinta a 2008. Wannan karramawa ba ta hana Baulolin karkara shan wuya ba. A 2011 an kama wasu daga cikinsu a gundumar Rajbari ta Bangladesh an aske musu gashi da ƙarfi, a 2020 kuma 'yan sanda suka tsare mawaƙi Shariat Sarkar bisa zargin kalamansa sun taɓa addini. Akasarin masu wannan waƙa har gobe talakawa ne da ke dogaro da bukukuwa da sadakar jama'a, kuma ƙalilan ne a cikinsu suka samu irin ƙofar da ta buɗe wa Paban a Faransa.