Birnin Fas da Baƙinsa: Fatake, Masu Ziyara da Masu Yawon Kallo

Duk wanda ya zauna da mutanen ɗariƙar Tijjaniyya a Kano ko Damagaram ya san sunan Fas, ko da bai san inda ta ke ba. Tana can arewacin Maroko, cikin wani kwari mai yawan ruwa. Iri uku na baƙi su ke cika lungunanta, watau masu neman riba, da masu neman albarka, da masu neman abin kallo. Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne ba abu guda ya kawo su ba, har ma abin da ya kori na farko shi ya jawo na ƙarshe.

Fas tun asalinta garin baƙi ce. Sharif Idrisu ɗan Abdullahi, daga zuriyar Sayyidina Hasan, ya gudo daga Hijaz bayan yaƙin Fakhkh na 786, ya kafa ƙaramin gari a bakin kogin a cikin 789. Ɗansa Idrisu na Biyu ya gina wani a ɗaya hayin, wajen 809. Sa'an nan waɗanda aka kora daga Ƙurɗuba a cikin 818 suka zo suka cika gefe guda, mutanen Ƙairawan suka cika ɗayan. Daga cikin waɗannan ne Faɗimatu al-Fihriyya, 'yar wani attajiri, ta gina masallacin Ƙarawiyyin a cikin 859. Watau dukiyar fatauci ce ta fara gina gidan ilmi.

Fatake kuwa hanya ce ta kawo su. Zinariyar ƙasashen Sudan ta kan ƙetare hamada zuwa Sijilmasa, daga nan ta hau duwatsu ta iso Fas, kafin ta kai bakin Bahar Rum. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa su ke kira Liyo na Afirka, a Fas ya girma, kuma shi ne ya ba da labarin Kano da Katsina da Zazzau a cikin littafinsa da aka buga a 1550. Ya ce a zamaninsa masaukan baƙi a birnin sun kusa ɗari biyu. Irin wannan masauki, da su ke kira funduƙ, ba zai zama baƙon abu ga Bahaushe ba: dabbobi da kaya a ƙasa, fatake a soron sama, kusan yadda maigida ya ke saukar da baƙinsa a Kano.

Sha'anin ziyara ya zo daga baya. Sai a cikin 1437 aka ce an gano gawar Idrisu na Biyu ba ta ruɓe ba, daga nan hubbarensa ya zama zuciyar birni. Aka gitta itatuwa a bakin lungunan da su ke kewaye da shi, domin su nuna iyakar hurumi, kada dabba ta wuce, kada wanda ba Musulmi ba ya shiga. Amma wannan ziyara ta mutanen Maroko ce. Wadda ta shafe mu ta fara ne da Shehu Ahmadu Tijjani. An haife shi a Ainu Madi, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya zo ya zauna a Fas a cikin 1798, Sarki Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi ya ba shi gida. A nan ya rasu a 1815, aka rufe shi a zawiyarsa. Ɗariƙar ta bi ta Muritaniya ta shiga Yammacin Afirka. Alhaji Umaru Futi ya yi shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin Kano Abbas ya karɓi wuridi a farkon zamanin Turawa, kuma a aikin hajji na 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sadu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya, sai almajiran Sanagal da Nijar da Nijeriya da Gana suka riƙa zuwa ayari ayari. Da yawansu kuwa ba su komawa hannu wofi, su kan sayo jallabiyoyi da takalma da littattafai, wani har ya mai da kuɗin jirginsa. A ganina kuskure ne a raba mai ziyara da falke a nan, domin sau da yawa mutum guda ne.

Manyan attajiran Fas su ma sun san hanyar waje. A ƙarni na 19 suna da gidajen ciniki a Manchesta ta Ingila da Sanluwi ta Sanagal. Abin da ya karya kasuwar garinsu shi ne yarjejeniyar 30 ga Maris 1912, wadda aka sa wa hannu a Fas ɗin kanta, ta sa Maroko ƙarƙashin Faransa. Janar Liyote ya mai da hedkwata Rabat, ya gina babbar tashar jiragen ruwa a Kasablanka. Kuɗi suka bi teku, iyalan attajirai suka bi kuɗi. Manyan gidajensu sai aka yanka su ɗaki ɗaki, talakawa daga ƙauyuka suka cika su.

To, Liyote ɗin nan kuma shi ya hana a taɓa tsohon birni, ya sa aka gina unguwar Turawa can nesa da ganuwa. Ko don girmamawa ya yi, ko don raba mai mulki da wanda a ke mulka, masana sun saɓa, mai yiwuwa kuwa duka biyun ne. Abin da ya biyo baya dai shi ne ba a fasa lungu don mota ba, jaki da alfadari suka ci gaba da ɗaukar kaya, majema suka ci gaba da jima a ramukansu na da. Rashin masu zuba kuɗi ya hana rushewa. A cikin 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, a 1994 kuma aka fara bikin waƙoƙin addinai na shekara shekara. Masu kuɗi suka komo, amma ba don zinariya ko saƙa ba. Tsofaffin gidajen nan su ke saye, su gyara, su mai da su masaukin masu yawon kallo. Funduƙin masassaƙa, wanda aka gina a 1711 domin fatake, ya koma gidan ajiye kayan tarihi na katako, a kan biya kuɗi a ƙofa kafin a shiga.