Gandu, gamana da allo: tarihin rabon ɗa da ɗiya

A ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, manya kan ce ɗa namiji shi ne magajin gida, ɗiya kuwa ta gidan wani ce. Ana faɗin haka kamar rabon bai taɓa sauyawa ba tun kaka da kakanni. Tarihin gona ya nuna akasin haka.

A tsarin gandu na da, maigida ke riƙe da babbar gona, iyali duka suna yi mata aiki a wasu ranaku na mako. Sauran ranakun na gamana ne, wato ƙaramar gonar da ake yanka wa saurayi ko matar aure. A ƙauyukan da ba a yin kulle, yarinya tana koyon shuka da noma kafaɗa da kafaɗa da wanta, bayan daka da ɗibar ruwa da ke kanta ita kaɗai. Idan ta yi aure, hatsi da wake da gujiyar gamanarta nata ne. Da su take sayen akuya, da su take tara kayan ɗakin ɗiyarta. Bambancin yana wajen mallaka: namiji zai gaji ƙasar, mace aro aka ba ta. Ko da shari'ar Musulunci ta ba ɗiya rabin kason ɗa, sau da yawa ƴan'uwa maza sun riƙe gonar, sun sallami ƙanwarsu da ɗan kuɗi ko damman hatsi.

Ta fuskar karatu ma maganar tsohuwa ce. Shehu Usmanu ɗan Hodiyo, wanda aka haifa a Marata cikin 1754, ya soki malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa ƴan taru domin karantar da matan karkara. Lakol ɗin Nasara kuwa tafintoci da magatakarda take nema, saboda haka maza ta fara ɗauka. Sai a 1938 aka buɗe makarantar horar da malamai mata a Rufisque, can ƙasar Senegal, shekaru da dama bayan ta maza.

Babban sauyi ya zo bayan mulkin kai. Jama'ar Nijar, da ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba a 1960, sun haura miliyan 17 a ƙidayar 2012. Fari na 1973 da na 1984 sun karya garake, gandaye suka rarrabu, daji ya ƙare a kudancin Maraɗi. Da ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar mace aka fara janyewa, wani lokaci da sunan hutar da ita. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya bayyana ƙauyukan da ƴan mata suka tashi ba su san noma ba, abin da kakanninsu mata ba za su gane ba. Ɗa ya samu gona, ko allo, ko hanyar cin rani zuwa Kano. Ɗiya ta samu faifan talla, kafin lakol ta buɗe mata ƙofa sosai.

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci a Yamai suna neman kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa, kuma a 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace. Malamin ƙauye dai ya san bencin wa ke zama wayam ranar kasuwa.